Minti ɗaya aka ba ni in faɗi aikin shekara uku

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Kun gan ni a tashar jirgin ƙasa da rigar sanyi har biyu. Yanzu na fito daga horon da muka kwana biyar muna yi, kuma raina bai gama hucewa ba, saboda haka ku yi mini uzuri idan maganar ta fito da zafi.

Horon na masu nazarin yawan al'umma ne, irinmu da muke digiri na uku a nan Ingila, ana koya mana yadda za mu kai sakamakon bincike gaban masu yanke shawara, wato kwamishinoni da 'yan majalisa da masu tsara kasafin kuɗi. A Amurka ƙungiyar Population Reference Bureau ta daɗe tana gudanar da irinsa, namu kuwa a jami'a aka shirya shi.

Ranar farko malamar ta ajiye wayarta a kan tebur, ta ce kowa ya ɗauka ya ci karo da kwamishinan lafiya yana shirin shiga mota, minti ɗaya gare shi. Na miƙe da babbar takardar da na buga a kan fam 45, kuɗin da zai ciyar da gidanmu kwanaki, na fara bayanin yadda na zaɓi gidajen da na yi wa tambayoyi. Ban ko kai ga abin da na gano ba wayar ta yi ƙara. Ta dube ni ta ce, "Kwamishina ya tafi." Aka yi dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini a cikin wannan sanyin.

Da na sake gwadawa sai na kawo alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar, inda aka samu cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Ta tambaye ni yadda zan faɗa wa kakata wannan magana. Na yi shiru, sannan na ce kusan yaro ɗaya cikin takwas. Da na ji kalmomin a bakina, sai fuskokin 'ya'yan zaurenmu suka faɗo mini, na shiga ƙirga su takwas-takwas, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina juya lambar a kwamfuta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan darasin a gida na baro shi. Ina yaro na sha raka dagacin ƙauyenmu, can wajen Ringim, zuwa gaban hakimi. Idan an gama gaisuwa ba ya kewaye-kewaye, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiyarmu ta rufta, mata suna kai wa hantsi wajen neman ruwa, muna roƙon siminti kafin damina ta sauka." Ya faɗi matsalar, ya faɗi wanda take ci, ya faɗi abin da yake so da lokacin da yake son sa. Abin da aka kwana biyar ana zana mana a allo ke nan, kuma shi bai taɓa biyan fam huɗu kuɗin shayi ba.

Amma akwai inda na ƙi yarda da su, kuma na faɗa musu. A wajenmu gaisuwa kaɗai ta cinye mintin nan, wanda kuwa ya tsallake ta ya yi asarar sauran maganarsa. Don haka ina gargaɗin ƙannena da ke karatun nan a Kano da Dutse, kada ku kwashi tsarin Turawa yadda yake. Kada ku shiga gaban hakimi ko liman da kalmar ƙayyade iyali, domin daga nan an rufe kunne. Ku yi maganar tazarar haihuwa da lafiyar uwa, abin da ungozoma ta riga ku sani. Ku kuma riƙa tuna cewa adadin jama'a a ƙasarmu magana ce ta rabon kuɗi da kujeru. Ƙidayar 2006 ta ba Kano sama da miliyan 9, ta ɗora ta a gaban Legas, aka yi ta cacar baki, kuma wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Duk lambar da kuka furta, akwai mai sauraron ta da kunnen siyasa.

Aikin da aka ba mu shi ne mu taƙaita bincikenmu a shafi biyu. Nawa da Hausa zan fara rubuta shi, in tura wa kawuna ta WhatsApp ya karanta wa dagaci bayan la'asar, inda duk dattijon ya ce "me ke nan?" in goge in sake. Ga jirgina nan ya iso, bari in naɗe takardar nan ta fam 45 kada ƙofa ta datse ta.