Tallafin korona a gundumar Nobles: wa ya samu, wa ya jira

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai kai mu jihar Minnesota ta Amurka, wata gundumar manoma da ake kira Nobles.

A hedikwatarta, garin Worthington, akwai katafariyar mayankar aladu ta kamfanin JBS. A watan Afrilun 2020 korona ta ɓarke tsakanin ma'aikatanta, aka rufe ta. To, alade ba masara ba ne da za a zuba a rumbu a jira kasuwa ta yi kyau. Kullum yana ci, yana ƙara nauyi, ga ƙanana na tasowa babu wurin sa su. Haka makiyaya suka riƙa kashe dabbobin da suka yi kiwo da hannunsu, a daidai lokacin da mutane ke layin karɓar abinci a birane.

Gwamnatin Donald Trump ba ta yi nawa ba, wannan kam a faɗa. A ranar 17 ga Afrilu ma'aikatar noma ta sanar da shirin tallafin korona mai suna CFAP na dala biliyan 19, wanda biliyan 16 daga ciki za su shiga aljihun manoma kai tsaye. Ranar 26 ga Mayu aka fara karɓar takardu a ofisoshin ma'aikatar da ke gundumomi, inda dama akwai bayanan gonaki a ajiye. A watan Satumba aka ƙara wasu biliyan 14, ana sauran makonni kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa. Mai sauraro ya yi nasa lissafin.

Amma da wane mudu aka auna? Da yawan abin da mutum ya mallaka. Kowane babban alade da aka sayar daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Afrilu an biya dala 18 a kansa, don haka mai dubbai ya kwashi na dubbai. An ce kada kowa ya wuce dala 250,000, sai dai kamfani mai masu hannun jari uku da ke aiki a gonar yana iya kaiwa 750,000. Ruwa dai ya koma inda ruwa yake.

Ku kuma lura da ranar nan, 15 ga Afrilu. An rufe mayankar Worthington ne bayanta. Wanda ya kashe dabbobinsa don rashin mayanka sai a watan Yulin 2021, ƙarƙashin gwamnatin Joe Biden, aka buɗe masa shirin biyan diyya na kashi 80 cikin 100. Masu kiwon kwangila kuwa, waɗanda gumin nasu ne amma dabbar ta kamfani ce, an bar su a waje da farko, sai a Janairun 2021 aka tuna da su.

Su kuma ma'aikatan mayankar, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani daga Latin Amurka da Asiya da gabashin Afirka, su ne cutar ta kwantar har gundumar ta shiga sahun gaba a jihar wajen yawan masu kamuwa. Shirin CFAP bai shafe su ba, tunda ba su da gona ba su da garke. Abin da ya zo daga fadar White House a ranar 28 ga Afrilu umarni ne cewa mayankai su ci gaba da aiki, kuma a farkon watan Mayu suka koma bakin wuƙa.