Sharhi: Sigarin maigida a ɗaki guda da yara

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau kan hayaƙin taba sigari ne, amma ba wanda mai sha ke zuƙa ba, a'a, wanda yake busowa ya cika ɗaki yara na kwance.

Ku zo mu leƙa gidan haya ɗaya anan Gusau, ko Tudun Wada ko Sabon Gari, duk wanda kunka ga dama don kusan duk kanwar ja ce. Ɗakuna sun zagaye tsakar gida, kowane ɗaki da iyali guda, wani ɗakin ma iyali biyu ne tunda 'yan bindiga sunka koro mutane daga ƙauyukansu kowa ya taho ya raɓe wurin ɗan uwa. Taga guda ce ita ma an toshe ta da kwali saboda sanyin hunturu da ƙura da sauro. Da dare maigida ya dawo daga kasuwa ko daga kabu-kabu a gajiye, ya zauna bakin katifa ya kunna kara ɗaya, jinjiri na jikin uwa, yayyensa na barci kan tabarma. In anka yi mishi magana ya ce ai kara ɗaya ce kuma ga shi ya ɗaga labule. To malam ɗaga labule ba ya fidda hayaƙi, sai dai ya raba shi da yaran maƙwabta.

Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara sama da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa a duniya sanadin hayaƙin tabar da wani ya sha, ba su ba. Yaro kuwa ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, shi ya sa abin ya fi cin shi. Daga nan ake samun ciwon haƙarƙari wato nimoniya, da asma, da ciwon kunnen nan mai fidda ruwa da baya jin magani, mai ciki in tana yawan shaƙa tana iya haihuwar ɗa marar nauyi, har da jinjirin da za a kwantar lafiya lau a wayi gari babu rai, likitoci sun ce hayaƙin taba na ƙara haɗarin hakan. Mu kuma me muke cewa? Sanyi ne ya kama shi. A ruga kemis a amso maganin tari na kwalba, ya lafa kwana uku ya dawo, a sake komawa, kuɗin da anka kashe ya ninka na sigarin, ba wanda ya kalli tokar da ke bakin katifa.

Kuma ko an kashe karan ba a rabu ba, hayaƙin yana mannewa jikin riga da labule da tabarma, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki.

Abin da ya fi damuna shi ne sigari iri ɗaya ce amma ɓarnarta ba ɗaya ba ce. Wanda ke zaune gida mai fili yana da inda zai koma ya sha shi kaɗai. Yaron gidan haya kuwa tun safe yake cikin hayaƙin itacen girki a tsakar gida, da rana a cinna ma bola wuta da ledoji cikinta a bayan katanga, da yamma janaretan mai cajin waya na tashi, da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufe ƙofa, sannan a ɗora mishi sigari a kai. Ko babansa bai sha, saurayin ɗakin kusa yana sha, ko ana busa shisha a zaure. Wane ƙirji ne zai ɗauki wannan don Allah?

Akwai fa doka, da yawa ba su sani ba. A 2015 shugaban ƙasa na lokacin Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar taƙaita shan taba ta ƙasa. Ta hana sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara sai dai kwali guda, ta kuma hana sha a gidan da yaro ƙasa da shekara 18 ke zaune sai in a ɗakin da mai shan ke ciki shi kaɗai. Nan ne dariya ke kama ni, wane ɗakin? Mutumin da ɗakinsa shi ne falo shi ne uwar ɗaka shi ne wurin ajiye buhun gero. Batun kara-kara kuwa ku tsaya gaban kowane mai tebur ko mai shayi ku gani, yaro ɗan shekara bakwai zai zo da kuɗi a dunƙule ya ce Baba ya ce a ba shi kara biyu, a miƙa mishi, canjin ya sayi alawa.

Ban ce dole kowa ya daina yau ba, sinadarin nikotin da ke cikin taba ba ya sakin mutum da sauƙi, na sani. Amma fita waje ba ta buƙatar ko sisi, kuma ba bakin ƙofar ɗaki nake nufi ba, wajen gidan gaba ɗaya, in an dawo a wanke hannu a cire rigar kafin a ɗauki jinjiri. A daina aiken yara sayo ta. Uwargida na san da wuya ki kalli maigida ki ce ya fita, to ki sami yayansa ko amininsa ko limamin unguwa su yi mishi maganar cikin mutunci. Masu gidajen haya, yadda kuke kafa sharaɗin lokacin rufe ƙofa da zubin kuɗin wuta da kwasar masai, ku ƙara wannan ciki, ba a kunna sigari a tsakar gida.

Sai gobe in Allah ya kai mu, a ci gaba da sauraron sauran shirye-shiryenmu.