Yajin Aikin Ma'aikacin Gwamnati: Wa Ke Jin Jiki?

Assalamu alaikum. Shugabannin ƙungiyoyi, 'yan uwa ma'aikata, barkanmu da war haka.

Idan ma'aikacin masana'anta ya ajiye aiki, aljihun mai masana'anta ne ke jin jiki. Mu fa? Ranar da ma'aikatan jinya suka tafi yajin aiki, ba matar minista ce za ta kwana tana naƙuda a kan benci ba, matar talaka ce. Ga kuma wani nauyin: wanda ya ɗauke mu aiki shi ne mai kafa doka, 'yan sanda ma nasa ne. A 1981 masu kula da zirga-zirgar jiragen sama a Amurka suka shiga yajin aiki. Shugaba Ronald Reagan ya ba su wa'adin sa'o'i 48, da wa'adin ya cika ya sallami sama da mutum 11,000, aka kuma soke rajistar ƙungiyarsu ta PATCO.

A takarda dai muna da kariya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta amince da 'yancin kafa ƙungiya a yarjejeniya mai lamba 87 ta 1948, sannan mai lamba 151 ta 1978 ta zo musamman don ma'aikatan gwamnati. Amma takarda ba ta fita zanga-zanga.

Ku dubi birnin Memfis na Amurka a 1968. Ranar 1 ga Fabrairu ana ruwan sama, masu kwashe shara biyu, baƙaƙen fata, suka fake a bayan motar shara. Injin matse sharar ya tashi, ya murƙushe su. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, kusan ma'aikata 1,300 suka ajiye aiki. Magajin gari ya ce yajin haramun ne. To me ya riƙe su wata biyu? Jama'ar gari. Majami'u suka tara musu taimako, mutane suka ƙaurace wa manyan shaguna, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya zo ya mara musu baya, a can ma aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Ranar 16 ga wata hukuma ta amince da ƙungiyar, aka ƙara albashi. Jama'ar garin nan sun ga cewa wulaƙancin da ake yi wa mai shara shi ake yi musu.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga takardar buƙatunmu albashi ne da alawus, shi ke nan. Albashi haƙƙi ne, ban ce a bar shi ba. Amma ina maganin da ya ƙare a asibiti? Ina ajin da ɗalibai suka yi wa malami yawa har ba ya sanin sunayensu? Ina masu sharar ofisoshinmu da aka miƙa wa 'yan kwangila, ba fansho, ba hutun haihuwa, mu ma ba mu yi musu katin ƙungiya ba? Sakatarori, a zaman sulhu na gaba ina so in ga waɗannan a shafin farko, kuma a kira iyayen yara da 'yan uwan marasa lafiya su ji abin da za mu nema kafin a ba da sanarwar yajin aiki.