Dashen haƙori: aikin a cikin ƙashi yake

Assalamu alaikum. Idan ka kai matsayin da a gaban mai tsire a Sabon Gari sai ka tura nama gefe ɗaya kafin ka tauna, to wannan bayani naka ne.

Giɓi ya wuce maganar munin baki. Da zarar an cire haƙori, ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe saiwarsa ya daina jin nauyin tauna, sai ya fara lotsawa, musamman a shekarar farko. Haƙoran gefe su karkato cikin ramin, na sama ya zazzago. Haƙorin roba da ake cirewa da dare yana rufe giɓin, amma a kan dasashi yake zaune, ƙashin na ci gaba da raguwa a ƙarƙashinsa.

Shi dashe, saiwar ake mayarwa. Likita ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga dasashi, ya huda ƙashi, ya murɗa ɗan ƙaramin sukuru na ƙarfen titaniyam a ciki, ya ɗinke. Me ya sa titaniyam? A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa wannan ƙarfe a ƙashin ƙafar zomo don wani bincike dabam. Da ya zo cirewa, ƙarfen ya ƙi fita, ƙashi ya kama shi gam. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe, haƙoran suka yi masa aiki wajen shekara 40, har ya bar duniya.

To, a nan ake son haƙuri. Ƙashi kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya riƙe ƙarfen, muƙamuƙin sama ya fi daɗewa don ƙashinsa ya fi taushi. Kamar siminti ne, ba a ɗora bulo a kan ɗanye. Sai ya kama sannan a ɗaura haƙorin tangaran, wanda aka daidaita launinsa da sauran.

Ba kowa ake yi wa nan take ba. Mai ciwon suga sai sugan ya daidaita. Mai shan taba, dashensa ya fi saurin lalacewa. Yaro sai muƙamuƙinsa ya gama girma. Wanda giɓinsa ya daɗe kuwa, wataƙila sai an yi masa ƙarin ƙashi tukuna, kuɗi da watanni su ƙaru. Shi ya sa zan ce ka je sashen haƙori, kamar na asibitin koyarwa da ke Shika a Zariya, a ɗauki hoton ƙashin tun da wuri, ko da kuɗin ba su haɗu ba.

Tsutsa ba ta cin haƙorin dashe, gaskiya ne, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura idan an bar datti, har ƙashin ya saki ƙarfen. Buroshi ko asuwaki, safe da dare. Kuma aikin da tsada, don haka idan an yanka maka farashi, tambaya: har da haƙorin saman, ko na ƙarfen ne kaɗai?