Wace Manhajar Haɗa Kiɗa Ce Ta Fi Sauti? Ga Inda Sababbi Ke Ruɗewa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Na san kun ci karo da irin bidiyon nan da ke ta yawo: a kunna kiɗa ɗaya a manhaja biyu, a ce ku kasa kunne, wannan ta fi nauyin bes, waccan ta fi tsafta. Kafin ka ankara an kasu gida biyu ana ta musu. Sai ka tarar da sabon shiga, wanda ko bugu huɗu bai taɓa jerawa ba, ya kasa barci don tsoron kada ya ɗauki manhajar da za ta kashe masa sauti. An bar jaki ana dukan taiki.

[Allo: tambarin manhajojin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya]

Ga waɗanda ake rigimar a kansu, a gurguje. A dunƙule ana kiran manhajojin haɗa kiɗa DAW. FL Studio ta kamfanin Image-Line ce a Beljiyam, da sunan FruityLoops ta fara. Ableton Live ta fito daga birnin Berlin a 2001, Bitwig Studio ta biyo ta daga birnin a 2014. Logic Pro ta Apple ce. Cubase ta Steinberg tana nan tun 1989. Sai Reaper ta kamfanin Cockos. Kowacce an yi manyan ayyuka da ita, kowacce kuma an yi shirme da ita.

Yanzu mu tsaya a wurin da ake ruɗewa, don nan za mu daɗe.

Sautin da ke cikin kwamfuta lambobi ne zalla. Duba nan, mun zuƙo igiyar sautin har ta koma ɗigo-ɗigo. A ma'aunin faifan CD, akwai ɗigo 44,100 a kowace daƙiƙa ta ɓangaren hagu, wasu 44,100 ta dama. In manhaja za ta haɗa ganga da bes, tara lambobin nan take yi. In ka ja maɓallin ƙara ƙasa, ta ninka su da wata lamba da ba ta kai ɗaya ba. Aikin miksa ke nan, tarawa da ninkawa. Ɗauko kalkuleta biyu na kamfanoni daban-daban ka tara bakwai da biyar, ka gani ko ɗaya za ta ba ka sha biyu mai nauyin bes.

Ba sai kun yarda da ni ba, akwai gwaji, kuma kyauta ne. Ɗauki fayil huɗu na WAV: ganga, bes, fiyano, murya. Zuba su a manhajar farko, kowanne a layinsa, duk su fara daga sifili. Kada ka taɓa ƙara, kada ka karkatar da komai hagu ko dama, ka cire duk abin da ke kan layin masta, wato layin da duk sautukan ke haɗuwa kafin su fita. Fitar da shi WAV. Maimaita haka a manhaja ta biyu, da ma'auni iri ɗaya. Sai ka buɗe manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ɗora fayil biyun ɗaya a kan ɗaya, ka tabbata farkonsu ya zo daidai, ka zaɓi ɗaya ka danna Invert.

[Allo: igiyar sautin ta kife, sama ta koma ƙasa]

Abin da Invert ya yi shi ne juya kowace lamba: inda take 0.3 ta koma −0.3. In fayilolin iri ɗaya ne, kowane ɗigo zai haɗu da kishiyarsa su tashi a sifili. Mu kunna.

[Shiru na daƙiƙa uku]

Lasifikarku lafiya lau take. Sakamakon ke nan. In ma wani abu ya saura, yana can ƙasa sosai inda kunnen ɗan Adam ba ya kaiwa.

To amma masu cewa sun ji bambanci ba ƙarya suke yi ba. Sun ji. Abin da suka ɗora wa laifin ne ba shi ba.

Babban mai laifin shi ne ƙara. Kunnenmu ba ya jin kowane amo daidai wa daida. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna wannan a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, amon bes ne ke fara ɓace wa kunne, in aka ɗaga shi sai bes ɗin ya dawo. Ma'ana, kiɗa ɗaya tak, in ka ɗan ƙara masa ƙarfi, za ka rantse an zuba masa bes da armashi. Bambancin dB ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ya isa ya ja ra'ayin mai sauraro, alhali bai ma lura cewa ɗaya ya fi ƙara ba. Shi dai ya ji ya fi daɗi. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarar ɓangarorin biyu ba, a ganina ɓata lokaci ne, ko da furodusan da kuke ji da shi ne ya yi.

Daga ina bambancin ƙarar ke zuwa, tunda ba ka taɓa komai ba? Kalli layin masta na FL Studio. Shafin aikin da ta saba buɗewa da shi yana zuwa da Fruity Limiter a zaune, ba kai ka sa shi ba. Aikin limita shi ne danne kan sautin idan ya nemi wuce iyaka. Saboda haka kana iya tura ganga da ƙarfi, ita kuma tana matsewa ba tare da ta fashe ba, sai ka ji kiɗan ya cika ya yi kauri. Kai wannan kiɗan manhajar da mastarta ke wayam, ka tura shi haka, sai jar fitilar gargaɗi ta kunnu, in ka fitar ka ji yana tsatsagewa. Sai a ce ai waccan ba ta da ƙarfi. Ɗora mata limita, zance ya ƙare.

Ableton Live kuma nata tarkon daban ne. Idan ka jefa mata dogon fayil, takan kunna masa Warp da kanta, wato tana ƙoƙarin miƙa shi ko takure shi ya dace da saurin aikinka. In ta yi kuskuren gane saurin fayil ɗin, ko saurin aikinka ya saɓa da nasa, to sautin da kake ji an riga an ja shi. Kaifin ganga ya dushe, murya ta ɗan yi rawa. Kuma salon Warp mai suna Complex yana taɓa sautin ko da saurin bai canza ba. Ga maɓallin nan, kashe shi kafin ka yanke mata hukunci.

Akwai kuma dokar karkata sauti. In ka tura kaya daga tsakiya zuwa hagu, dole manhaja ta yanke shawarar yadda ƙarfinsa zai kasance a hanya. Wata tana rage dB 3 a tsakiya, wata ba ta ragewa. Shi ya sa na ce a gwajin kada a karkatar da komai. Sai ƙananan abubuwa: fayil mai ɗigo 48,000 a daƙiƙa a cikin aiki mai 44,100, dole a sauya shi, kuma kowace manhaja da irin sauyinta. Ko wani ya fitar da ɗaya WAV ɗaya MP3, ya zo yana kwatantawa. Wannan kam sai addu'a.

Inda bambanci na gaskiya yake shi ne kayan da ke cikin akwatin: kayan kiɗan da manhajar ta zo da su, da na gyaran sauti, da tarin gangunanta. Waɗannan kam kowacce da nata. Amma ko su ba su ɗaure ka ba, don akwai fulogin, ƙananan manhajojin da ake jonawa a cikin babbar. Vital yana da sigar kyauta, Surge XT kyauta ne gaba ɗaya, kuma in saitinsu ɗaya ne, abin da suka fitar a nan shi za su fitar a can.

To in ba sauti ba, da me za a zaɓa? Nan za mu yi sauri.

Fara da na'urar da ke gabanka. Logic Pro ba ta aiki a Windows, magana ta ƙare. Mai Mac yana da GarageBand kyauta, kuma ranar da ya koma Logic aikinsa zai buɗe a can. Sai dai a kula, Logic fulogin nau'in AU take karɓa, ba ta karɓar VST, tsarin da Steinberg ya fito da shi a 1996 wanda yawancin sauran ke amfani da shi. Mai Linux ya duba Bitwig ko Reaper.

Sai ka karanta iyakar sigar da za ka saya, don nan ake kuka daga baya. Ƙaramar sigar FL Studio, wato Fruity, ba ta ɗaukar murya daga makirfo, sai ka hau Producer. Abin yabo gare su, in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada. Live Intro layi 16 take ba ka, Live Lite da ke zuwa tare da wasu kibod da katin sauti layi 8. Reaper ba ta rage maka komai, amma kusan babu kayan kiɗa a cikinta, kai za ka nemo. Ga mai son kiɗan lantarki daga ranar farko, wannan ɗawainiya ce, ni ba ita zan fara miƙa wa sabon shiga ba. Sigar gwaji ma da sharaɗinta: ta FL ba ta ƙarewa, za ka iya ajiye aiki, amma ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. Ta Reaper kwana 60 ce, komai a buɗe. Batun sigar sata kuwa, ka jawo wa kwamfutarka ƙwayar cuta, aikinka ya riƙa mutuwa a tsakiya, kuma ba ka da bakin kai ƙara.

[Allo ya rabu uku]

Abu mafi nauyi shi ne yadda hannunka ke tafiya a ciki. A hagu FL ce: kana kunna ƙananan akwatuna a jere, ganga ta fito nan take, daga baya ka jera gutsattsarin su zama waƙa. A tsakiya Session View na Ableton: kowane akwati kiɗa ne mai zagayawa, kana kunna wannan kana kashe wancan har ka ji abin da ya dace. A dama tsarin Logic da Cubase da Reaper: layi miƙaƙƙe daga hagu zuwa dama, daga farkon waƙa zuwa ƙarshe. Sauke biyu kawai, kada su wuce haka. A kowacce ka sa sauri a BPM 128, wato bugu 128 a minti ɗaya, ka haɗa bugu 32, daƙiƙa 15 ke nan: ganga, bes, da karin fiyano. Ka fitar da shi. Wadda ka gama a cikinta ba tare da ka yi ta neman inda aka ɓoye maɓalli ba, riƙe ta, ka ba ta wata shida kafin ka sake leƙen wata.

Kafin wannan gwajin, masu Windows ku shiga saitin sauti ku zaɓi direban ASIO, ƙaramar manhajar da ke haɗa DAW da katin sauti. In kana da katin sauti na waje yi amfani da nasa, in babu akwai ASIO4ALL, FL kuma tana zuwa da nata. In ba haka ba za ka danna kibod sautin ya zo a makare, ka zagi manhajar a banza. A ƙasansa akwai girman bafa, wato yawan ɗigon sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Lissafin mai sauƙi ne, raba shi da 44,100: bafa 128 jinkirin kusan milisakan 3 ne, 512 kusan 12, 2048 kuwa ya haura 46, wanda yatsa zai ji sarai. In ka rage shi da yawa kwamfuta ta gaza, sai ka ji ƙas-ƙas a lasifika. Fara da 256 lokacin da kake bugawa da hannu, in layuka sun yi yawa ka zo gyaran sauti ka ɗaga shi zuwa 1024.