Kabarin da sai daga sama ake ganin siffarsa: lacca kan Japan ta zamanin Kofun

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, wannan lasifikar sai da lallami. Abu huɗu na rubuto a takarda, in Allah ya yarda mu taɓa su duka kafin la'asar, in ba mu taɓa ba ku yafe ni, kun dai san halina.

Zamanin da za mu yi magana a kai Japanawa na ce masa Kofun, ma'ana tsohon kabari, ya faro daga wajen tsakiyar ƙarni na 3 Miladiyya har zuwa ƙarni na 6, wasu ma su kai shi na 7. Zamani guda cur aka raɗa wa sunan kabari, saboda mutanen ba su bar mana littafi ba, tudun ƙasa suka bari, kuma ba kaɗan ba, an ƙirga wajen 160,000 a faɗin ƙasar.

Na farko, kabarin kansa. Babbansu duka shi ne Daisen, a garin Sakai kusa da Osaka, na ƙarni na 5, wanda ake dangantawa da sarki Nintoku. Tsawon tudun mita 486. Masu kallon ƙwallo ku jera fili huɗu da rabi, ba ku kai ƙarshe ba tukuna. An kewaye shi da gwalalon ruwa har zagaye uku. Siffarsa kuwa Turawa suna cewa ramin makulli, ni dai na fi ganinsa kamar ludayi da aka kifa, baya da'ira, gaba mariƙi, sai dai mariƙin yana ƙara faɗi in ya je ƙarshe.

To ni da na je, wallahi na ɗan ji haushi. Na sha ganin hoton ludayin nan, na sauka a jirgin ƙasa ina ɗoki, na isa sai ga ruwa kore, sai daji. Daji kawai! Akwai wani ɗan fili da aka zuba wa farar tsakuwa an share ta tsaf, da ƙofar nan tasu ta wuraren bauta mai ginshiƙi biyu, da shinge, iyakarka ke nan. Na zagaya shi da ƙafa, kusan kilomita uku, ban ga komai ba sai itatuwa da tsofaffi masu motsa jiki. Aka ce in hau hawa na 21 a ginin hukumar birnin, na hau, nan ma sai na hango wani koren tudu a tsakiyar gidaje. Na ce ashe kuɗin jirgi na biya na zo kallon kurmi (dariya).

Amma nan ne maganar take, ku saurara da kyau. Dajin nan daga baya ya fito. Ranar da aka gama kabarin nan babu itace ko ɗaya a kansa. Hawa uku ne kamar matakala, an lulluɓe gangarensa da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan a kowane hawa an jera tukwanen yumɓu jajaye dubbai. In kana son ganin yadda suke a da, je ka Goshikizuka a Kobe, mita 194, an sake shimfiɗa masa duwatsunsa, yana tsaye bakin teku. Shi ma Daisen a wancan lokacin teku na kusa da shi, don haka masana da yawa ke ganin da gangan aka yi shi a nan, baƙon da ya taso a jirgin ruwa daga Koriya ko Sin tun kafin ya sauka ya hango tsaunin da hannu ya gina yana ƙyalli a rana, ya san gidan wa ya zo. Don a gani aka yi shi. Na maimaita, don a gani aka yi shi, yau kuma shi ne abin da ba a bari a gani.

Kamfanin gine-gine na Obayashi ya taɓa yin lissafi a 1985, ya ce da kayan aikin wancan zamani, mutum har 2,000 a rana, sai an shekara 15 da wata 8. Babu tifa, babu katafila, kwando ne da kai. Wanda zai iya ciyar da mutum 2,000 na shekara 15 ba su yi masa noma ba, ai ba sai an gaya maka yana da rumbu ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne siffar nan ba a wuri ɗaya ta tsaya ba. Daga Iwate can arewa har Kagoshima a kudu za ka tarar da ludayin nan, babba da ƙarami. Hajiya, ku mata kun fi mu gane wannan, anko ne. Duk hakimin da ya shiga inuwar sarakunan Yamato, wato manyan sarakunan tsakiyar ƙasar a lokacin, sai ya ɗinka irin rigarsu, amma ba zai yarda ta fi ta maigida girma ba. Kuma an san inda aka fara babban ɗinkin, Hashihaka a Nara, mita 280, ƙarni na 3. Nan ne rigimar Himiko take. Himiko sarauniya ce da marubutan Sin suka ba da labarinta, ta aika jakadu fadar Wei, wata daula ta ƙasar Sin, a wajen 239, aka ba ta hatimin zinare da madubin tagulla 100, kuma suka ce da ta mutu an tara mata ƙaton kabari. To Hashihaka ne ko ba shi ba ne, masana sun fi shekara ɗari suna jan wannan igiya. A Kurozuka, nan kusa, an tono madubi 33 iri ɗaya a kabari guda a 1998, aka ce to ga madubin Himiko, wasu suka ce a'a, ai irinsu da aka samu a Japan sun ninka ɗarin nan sau da yawa, kuma ba a tono irinsu a Sin ba. Ku bar ni da wannan, sai mu kwana a nan.

Na uku... na biyu ne? To na biyu. Tukwanen nan sunansu haniwa. Da farko bututu ne kawai na yumɓu, daga baya aka fara yin gidaje, garkuwa, kaji, dawakai da sirdinsu da ƙararrawa, mayaƙa cikin sulke, mata riƙe da ƙwarya. Idon rami ne kawai aka huda, amma in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar kallonka yake. Littafin Nihon Shoki na shekarar 720 ya ce wai da ana binne bayi da ransu kewaye da kabari, kukansu ya dami sarki Suinin, sai wani Nomi no Sukune ya ce a yi mutum-mutumin laka a madadinsu. Labari mai daɗi, sai dai tono ya ƙaryata shi, domin bututun ya riga mutum-mutumin da shekaru masu yawa.

An miƙo min takarda wai saura minti biyar. To a gurguje. Ƙarfe daga kudancin Koriya yake zuwa, doki ma a ƙarni na 5 ya yaɗu, tare da baƙin da suka kawo sabon gashin tukwane da rubutun Sin. Akwai takobin Inariyama a Saitama, an tono shi a 1968, sai a 1978 da aka yi masa hoton asibiti aka ga haruffa 115 na zinare ƙarƙashin tsatsa, da sunan sarki Wakatakeru, yawanci ana karanta shekararsa 471. Addinin Buda ya shigo daga Baekje, wata masarauta ta Koriya, a 538 ko 552, manya suka koma gasar gina ɗakin bauta, a 646 kuma aka yi dokar rage girman kabari. Wannan shi ne na huɗu, na ukun ya shige ciki. Akwai tambaya?

(Wani ɗalibi: Malam, to da gaske Nintoku ne a ciki? Me ya sa ba za a tona a duba ba?)

Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Babu wanda ya tabbatar. Hukumar da ke kula da gidan sarautar Japan ita ke riƙe da shi, a wurinta kabarin kakan sarki ne, ba a tona shi, kai ma ba za ka so a tona na kakanka ba. A 1872 wani ɓangare na gaba ya buɗe, aka ga akwatin gawa na dutse da sulke da kwanon gilashi, aka zana su aka mayar da ƙasa. A 2018 an yarda an ɗan yi tono a kan ganuwar da ke tsakanin ruwan, ba a tudun ba. A 2019 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, har yanzu dai daga shinge za ka tsaya.

Amma ga abin dariyar. Sarki Keitai, na ƙarni na 6, hukuma ta ce kabarinsa wani tudu ne a Ibaraki ta Osaka, ta killace shi. Masana suka duba haniwan wurin suka ce wannan na ƙarni na 5 ne, ya girmi mamacin, na gaskiyar shi ne Imashirozuka a Takatsuki, nan maƙwabta. Shi kuma tunda ba ya cikin rajistar hukuma sai aka tona shi son rai, aka sami haniwa sama da 200 a jere wuri ɗaya, har da gida mai tsawon mutum, yanzu filin shaƙatawa ne. Na je ranar Asabar, yara na gudu a kan tudun, wata uwa ta shimfiɗa tabarma tana ba ɗanta shinkafa, can kuma ana gadin wancan.

Ga kiran salla nan. Mai tambaya ta biyu, Hajiya ki riƙe ta, in mun idar ki same ni a bakin ƙofa.