Gogen da aka buɗe cikinsa aka tarar da toka

To jama'a, kamar yadda na faɗa kafin a gyara mana lasifika, yau maganar gyaran goge za mu yi, amma gogen Turawa, wanda suke kira biyolin. Namu kun san shi, ƙwarya ce da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki. Nasu kuwa katako ne zalla, tsirkiya huɗu, gutsattsarin da ake haɗawa a yi guda ɗaya sun kai wajen 70. Inda muka haɗu da su shi ne abin gogawar, su ma gashin doki ne, su ma sai sun shafa masa ƙaro kafin ya yi magana.

Akwai wani mai gyara a Tel Abib, Amnon Weinstein, an haife shi 1939, ya rasu 2024. Babansa Moshe ya baro garin Vilna a 1938, wato Vilnius ta ƙasar Lituwaniya a yau, cikin danginsa da ya bari a baya kusan mutum 400 'yan Nazi, wato mutanen Hitila na Jamus, suka hallaka. Na san da an ambaci Yahudawa hankalin wasunku ya tafi Falasɗinu, nima abin yana cina, amma mutanen da nake magana a kansu talakawa ne makaɗan biki da aka loda a jirgin ƙasa kamar dabbobi, kuma rai rai ne.

Shi Amnon sana'ar ya gada, ya je Kiremona a Italiya ya ƙaro ilimi, ya je Faris. Wajen shekarun 1980 wani mutum ya kawo masa goge, wanda ya kaɗa a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane suna kashewa, yana so a gyara ya ba jikansa. Da Amnon ya ɗaga murfin sai ya tarar da baƙin gari a ciki, shi dai ya ɗauka tokar gidan ƙone gawarwaki ce. Abin ya girgiza shi, sai a 1996 ya iya fara neman irin waɗannan gogunan da gangan yana tarawa.

To ya ake gyaran? Nan nake so masu sana'ar hannu su buɗe kunne. Murfin sama bai wuce kaurin milimita 3 ba, ga tsirkiyoyi suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 20, to ka ga gogen da ya sha dusar ƙanƙara da ruwan sama, ko ya yi shekara hamsin a saman silin, dole ya tsattsage. Ba a sa masa gam ɗin kanti, haram. Gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba ake sawa, saboda da ɗumi da ɗan danshi yana saki, wanda zai zo bayanka ya buɗe ba tare da ya fasa katakon ba. Da siririyar wuƙa ake bin gefe a hankali har murfin ya rabu, a wanke tsagar, a haɗa bakinta, sannan a liƙa 'yan ƙananan faci na katako ta ciki su riƙe ta. Akwai kuma wani ɗan sanda kamar guntun fensir da ke tsaye a ciki tsakanin murfi da baya, ba gam, matsi kawai ke riƙe shi, Italiyawa suna kiransa anima, wato rai. Ka gusa shi kaɗan, muryar gogen gaba ɗaya ta canza.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba a kankare tsohon fenti a sa sabo. Mu a nan da an kawo tsohon abu sai mu ce a goge shi ya yi ƙyalli, to wannan ɓarna ce. Inda haɓar mutum ta cinye fentin, inda gumin hannunsa ya baƙanta wuyan, shi ke nan abin da ya rage na mutumin, wani ko kabari ba shi da shi. Wasu gogunan ma da tauraro mai kusurwa shida a bayansu, adon makaɗan bikin Yahudawan gabashin Turai. Gogunan masu araha ne, kuɗin gyaran ya fi kuɗinsu, duk da haka wani sai ya ci fiye da shekara a kan teburi.

A 2008 aka kaɗa su a gindin ganuwar tsohon birnin Ƙudus, a 2015 kuma a Balin, babban birnin Jamus ɗin kansa. Yanzu ɗan Amnon, Avshalom, ke riƙe da aikin.

Amma akwai ɗaya da Amnon ya ƙi gyarawa. Wani mai gyara a Amurka ne ya buɗe shi, ya ga an zana tambarin Nazi ta ciki, an rubuta gaisuwar Hitila da shekarar 1936. Wato wani mai gyara aka kai wa, amana aka ba shi, ya rubuta wannan ya mayar da murfi ya rufe, mai gogen ya ci gaba da kaɗawa da abin a ƙarƙashin haɓarsa bai sani ba. Amnon ya karɓa ya ajiye shi a buɗe, ya ce wannan ba za a sake jin muryarsa ba. Malam na can baya, na ga tun ɗazu hannunka a sama, bisimilla.